Mai haƙuri ke dafa dutse: gyaran dutsen zobe a tsakar gida

Ƴan uwa mata, da wuya a samu wadda ba ta taɓa riƙe zoben azurfa mai jan dutse a kai ba, ko a akwatin kakarta, ko a kan teburin maƙeran Agadas da ke baje kaya a Wadata ta Yamai. Dutsen nan mai santsi, bayansa a shimfiɗe, samansa ya yi tudu kamar rabin ƙwai, shi ne Faransawa ke kira kabushon. A Turai da Amurka akwai mutane da yawa, maza da mata, da ke gyara irinsa a gida don nishaɗi, kamar yadda wasunmu ke saƙa in sun gama aikin yini.

Dalili biyu suka sa muka ɗauko wanga zance. Na farko, ƙungiyoyinmu kullum cikin neman sana'ar da ba ta cika kasuwa ba suke. Na biyu, dukkanmu muna sayen kayan ado, musamman in za mu aurar da ɗiya, kuma sau da yawa mukan biya kuɗin dutse a ba mu kwalba.

Tafiyar da dutsen ya yi kafin ya iso wuyanmu

Jan dutsen da ke cikin kayan kakanninmu, mafi yawansa daga nesa ya zo. Garin Khambhat da ke jihar Gujarat a Indiya ya yi ɗaruruwan shekaru yana gyara dutsen da Larabawa ke kira aƙiƙ. Can ne ake gasa shi cikin tukwanen ƙasa har launinsa ya koma ja sosai, a fasa, a goge, a huda. Fatake da alhazai suka riƙa kawo shi ƙasashenmu.

A ƙarni na 19 sai garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar. Masu aikin can suna da manyan duwatsun washi da ruwan rafi ke juyawa, mutum ya kwanta rub da ciki yana danna dutsen a jikinsu. Da dutsen ƙasarsu ya ƙare sai suka koma sayowa daga Barazil, suna rina shi, suna yanka shi daidai da abin da matan Sahara ke so, har da talhatana mai kai kamar na mashi. Daga baya masana'antun ƙasar Cek suka kwaikwaye su da kwalba, bayansu kuma roba ta shigo.

To amma mu ma muna da namu. Dutsen lantana, ja mai duhu, daga yankin Kirtashi aka riƙa haƙo shi a da, a bakin kogi kudu da Yamai. Fataken Hausawa ne suka riƙa kai shi Ilori a Najeriya, inda aka riƙa huda shi da ƴan ƙananan ƙarafa, a goge shi a kan dutse, ya zama abin wuyan sarakuna. Kun ga ke nan dutsen namu ne, amma ladan gyaran a wani gari ya tsaya.

Kowane dutse da taurinsa

Wani masani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu a 1812 daga lamba 1 zuwa 10 bisa ga taurinsu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: wanda ya fi tauri shi ke kartar na ƙasa da shi. Dutsen nan mai laushi kamar sabulu da masu sassaƙa na Agadas ke yin ƴan raƙuma da shi yana can ƙasa, wajen lamba 1. Farcen mutum 2 da rabi ne. Wuƙa da kwalba suna wajen 5 da rabi. Aƙiƙ, lantana da farin dutsen ƙanƙara suna wajen 7. Daiman shi ne na 10.

Amfanin sanin wannan shi ne, dutse mai laushi yana saurin gyaruwa amma ba ya jure wa hannun mace mai daka da wanki, don haka ya fi dacewa da sarƙa ko ɗan kunne. Mai tauri yana cin lokaci, amma in ya yi ƙyalli sai jika ta gada. Mai koyo ta fara da mai laushi, ko da gindin kwalba mai kauri, kore ko ruwan ƙasa, don hannunta ya saba kafin ta taɓa dutsen da ta sa wa kuɗi.

Kayan aiki

Masu yi da inji suna da ƙafafun washi jere, ruwa na ɗiga a kansu. Mai yi da hannu kuwa ga abin da take bukata: dutsen wasa wuƙa irin na kanti mai gefe biyu, baƙar takarda mai yashi wadda masu fentin mota ke gugar jikin mota da ita da ruwa, gilashin taga mai kauri da za a shimfiɗa takardar a kai, ɗan guntun icce kamar yatsa, gam mai kamawa nan take, guntuwar fata, da roba ta ruwa wadda ba a cin abinci a cikinta.

A bayan takardar akwai lamba. Ƙaramar lamba yashinta manya ne, tana ci da sauri tana barin zane. Babbar lamba yashinta laushi gare shi. A nemi 100, 220, 400, 600 da 1200, in an samu 2000 ko 3000 ya fi. Yashin da ke jikin baƙar takardar taurinsa ya wuce 9, shi ya sa yake cin aƙiƙ. Jar takardar kafinta ba ta jure ruwa, kada a ɓata kuɗi a kanta.

Yadda ake yi

Da farko a jiƙa dutsen. Launin da ya nuna yana jiƙe, shi zai nuna bayan an goge shi. A ɗaga shi a rana a duba, in akwai tsagewa a bar shi, don a tsakiyar aiki zai rabe.

Sai a samu falle mai kaurin kamar milimita 6. Masu aikin karo suna da injin yanka mai bakin daiman, ana iya biyan su su yanka, da sharaɗin su zuba ruwa. A zana siffar a bayan fallen da guntun alminiyon, don zanensa ba ya wankewa.

A riƙa guga gefen a kan dutsen washi cikin ruwa har a iso kan zanen. Gefen kada ya tsaya tsaye cak. Ya ɗan karkata ciki ta sama, domin in maƙeri ya lanƙwasa bakin azurfa ya samu abin kamawa. Kaifin da ke bakin gindin a ɗan kashe shi kada ya ɓantare.

Daga nan a manna gindin dutsen a kan iccen, ya zama mariƙi. A fara cin kafaɗar dutsen zagaye, sannan a ƙara kwantar da hannu a ci sama da nan, a yi ta yi hawa-hawa har a kai tsakiya. Hannu kada ya tsaya wuri guda, a riƙa juyawa ana lilo da shi. Inda masu koyo suka fi faɗuwa shi ne tsakiyar: sai su bar ta a shimfiɗe kamar faifai, kuma wurin ba zai taɓa yin ƙyalli daidai da sauran ba. Dabarar ita ce a shafe saman da baƙin alƙalami, a guga kaɗan, duk inda baƙin ya rage to takarda ba ta taɓa shi ba.

In tudun ya yi daidai sai a bi lambobin takarda ɗaya bayan ɗaya. Aikin kowace lamba shi ne ta share zanen da ta baya ta bari. Kafin a sauya, a wanke dutsen da hannu da gilashin, a zubar da ruwan, don ƙwayar yashi guda ta 220 in ta biyo ki zuwa 1200 za ta ja layin da zai maida ke baya. A shanya dutsen a duba shi a bushe, domin ruwa yana ɓoye zane. Daga 400 zuwa sama a sa wani abu mai taushi ƙarƙashin takardar, kamar guntun silifa, don ta rungumi tudun.

Ƙarshe shi ne ƙyalli. Ana amfani da wani gari mai suna seriyom, wanda masu gyaran gilashi ke share zane da shi. A dama shi da ruwa kaɗan, a shafa a fata, a yi ta murzawa da ƙarfi. Sannan a jiƙa mariƙin cikin ruwan cire jan farce har gam ɗin ya saki, nesa da wuta don ruwan nan yana kamawa. Dutse mai laushi yakan ƙare a yini guda. Aƙiƙ da hannu kuwa yana iya cin kwanaki.

Ƙurar da ido ba ya gani

Wannan shi ne wurin da muke roƙon ku karanta wa waɗanda ba su zo taro ba. Ƙurar aƙiƙ, lantana da ƙanƙara tana da ƙanƙanta ƙwarai, tana shiga can cikin huhu ta zauna. A hankali huhun ya taurare, mutum ya riƙa tari da haki, ko ɗan tudu ya kasa hawa. Likitoci suna kiran ciwon silikos. Ba ya warkewa, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. A Khambhat ɗin nan da muka ambata, ciwon ya kashe masu gugar dutse da yawa da ke aiki a bushe cikin gidajensu, har da matan gida da yaran da ke shaƙar ƙurar ba tare da sun taɓa aikin ba.

Rigakafinsa ruwa ne. Ba a guga a bushe ko na minti ɗaya. Ɗaura gyale a hanci ba ya tare irin wannan ƙura. Taɓon da ya taru a gindin roba kada a watsa shi a tsakar gida, don in ya bushe iska za ta tashe shi, tsintsiya ta ƙarasa; a tona rami a binne shi da danshinsa. A yi aikin nesa da murhu da wurin wasan yara, kuma mai goyo ta sauke goyonta tukuna. In za a fasa dutse da guduma a sa tabarau.

Lissafi kafin a taɓa asusu

Gaskiyar magana, kasuwar ba mai sauƙi ba ce. Duwatsun da injunan Indiya da Sin ke fitarwa buhu-buhu sun fi namu araha, kuma ƴan yawon buɗe ido da ke sayen kayan Agadas sun ragu ƙwarai tun da tsaro ya taɓarɓare a arewa. Saboda haka ba mu ba kowace ƙungiya shawarar ta ɗauki bashi ta sayi inji ba.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Mata biyu su je wurin maƙeran farfaru na garinsu su tambaya: wane launi ake nema, wane girma, nawa suke saye, guda nawa a wata? Akwai girman da aka saba da shi ko'ina, kamar milimita 14 da 10, 18 da 13, ko 25 da 18. Sannan a sayi takarda kaɗan a gwada guda biyar, a rubuta awa nawa kowane ya ci da takarda nawa ta ƙare. A kwatanta da abin da awannin nan za su kawo a ƙuli-ƙuli ko turaren wuta. In lissafin bai fita ba, an yi asarar ƴan jikkuna kaɗan, an kuma koyi abu.

Inda muke ganin ƙofa shi ne aikin da injin Indiya ba zai yi mana ba: zoben da dutsensa ya faɗi ana neman wanda zai shiga gurbin daidai, tsohon dutsen gado da ya dushe ana so a maido masa da haske, da dutsen ƙasarmu da mai saye ke so don ya san inda ya fito. Wadda ta iya waɗannan tana da abin nunawa a baje kolin SAFEM na mata masu sana'ar hannu a Yamai.

Abu biyu kuma a kiyaye. Tsintar tsakuwa a bakin gulbi daban, haƙar ma'adini daban. Shi sai da izinin hukuma. Tsofaffin duwatsun wuya da kan kibiya da ake tsintowa a Tenere kuwa kayan tarihi ne, dokar 1997 ta kare su. Kada a saye su, kada a goge su.

In kin je saye

Ko ba za ki taɓa gyara dutse ba, ga abin da zai tsare miki kuɗinki. Ɗora shi a kumatu: dutse yana da sanyi kuma yana jimawa kafin ya ɗumama, roba kuwa ba ta da sanyi ba ta da nauyi. Ɗaga shi a rana: in kin ga ƴan kumfa a ciki, kwalba ce. Shafa gefensa: in akwai siririn layi kamar ɗinki, a cikin mazubi aka zuba shi. In mai kaya ya yarda, ja bakin wuƙa a bayansa. Aƙiƙ na gaske ba ya kartuwa. Shuɗi ko kore mai kashe ido, mafi yawa rini ne, ko da dutsen na gaske ne, don haka kuɗinsa bai kamata ya kai na mai launin asali ba.

Kwalba ba abin kunya ba ce, Masagan Bida sun daɗe suna cin abinci da ita. Abin da bai kamata ba shi ne a sayar da ita da sunan dutse. In mun fara wannan aiki, mu faɗa wa mai saye abin da ke hannunsa tun kafin ya tambaya.

A taronku na mako mai zuwa, kowace ta zo da zobe ko abin wuya guda daga akwatinta, ku gwada su tare a rana. Ƙungiyar da ta gwada gugar kuma ta aiko mana da lissafinta, ko ya fita ko bai fita ba, don sauran su amfana.