Mota ta ƙi tashi? Kafin ka sayi batir, duba waya tukuna

Yau maganar ta 'yan'uwanmu matasa direbobi ce, masu jan tsofaffin Hiace da C20 da J5 tsakanin Funtua, Bakori da Malumfashi.

A kakar da ta wuce wani abokina ya yi lodin tumatir daga Danja. Ya tsaya sallar la'asar, ya dawo ya murɗa makulli, sai "ƙat", shiru. Aka ce batir ne, ya ci bashi ya saya. Bayan kwana biyu matsalar ta dawo, aka ce to kik ne. Ƙarshe wani dattijon rewaya ya gano ashe wayar at ce, wadda ke haɗa batir da bodi da inji, ta ruɓe. Yaron da ke kai balas kullum, ina ya ga kuɗin wannan asara? Balle kuma mun san halin hanyoyinmu, ba wanda ke son magariba ta same shi a daji da mataccen inji.

Ga abin da ya kamata mu gane. Kik yana jan wuta mai yawan gaske, a injin fetur yakan kai amfiya 150 zuwa 200, na dizal ya fi haka. Fitila da rediyo kuwa kaɗan suke sha. Shi ya sa waya mai tsatsa za ta iya kunna maka fitilun dashbod tas, amma ta kasa juya inji. Kamar tiyon ban-ruwa ne da aka taka: ruwa na ɗiga, amma ba zai shayar da fadama ba.

To fara da kunne da ido. Kunna fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallo, ka murɗa makulli. In fitila ta dushe sosai ko ka ji "ƙat-ƙat-ƙat" da sauri, wuta ce ba ta isa: ko batir ya yi sanyi, ko kan batir ya yi datti ko ya saki. In fitila na nan da haskenta amma ba motsi, hankalinka ya koma kan kik, ko siririyar wayar da ke zuwa masa daga makulli.

Sai ka kama kan batir ka murɗa da hannu. In ya juya, ka samo ɓarawon. Kuma don Allah a bar al'adar nan ta buga ƙusa a kan batir don ya kama. Tana fitar da kai yau, amma tana cinye dalmar, gobe sai ya fi haka sakewa. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a wurin, aikin asid ne. Cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, sannan mai alamar tarawa. Wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, amma kada ya shiga cikin batir. Goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka mayar, ta ragi a ƙarshe, ka ɗaure, ka shafa giris a sama. Cire zobe da agogo kafin ka fara, kuma ban da sigari, domin batir na fitar da iska mai kamawa da wuta.

Wayar at ɗin nan ita aka fi mantawa, saboda tana can ƙasa inda laka da ruwan damina ke dukanta. Wani lokaci robar waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Gwajinta ba wuya: ɗauki wayar jona batir guda, ka maƙala a kan ragi, ɗaya bakin a jikin ƙarfen inji. In mota ta tashi garau, magana ta ƙare. Haka nan bayan ka gwada tayarwa, taɓa mahaɗan wayoyin a hankali, inda ya yi zafi nan wuta ke maƙalewa.

Mai mita kuwa aikinsa ya fi sauƙi. Cikakken batir yana nuna 12.6 in mota na kashe. Lokacin tayarwa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji na aiki ka ga tsakanin 13.8 da 14.5, caji lafiya. Ni a ganina kowace tasha ya kamata 'yan ƙungiya su haɗa kuɗi su ajiye mita ɗaya.

In duk wannan lafiya, sannan a zargi kik. Ka ɗan ƙwanƙwasa shi ya tashi? Galibi burushi ne ya cinye, ana canza shi ba sai an sayi sabon kik ba. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, ka bar shi ya huce. Masu jona kik da sukuddireba kuma, a tabbatar giya na firi an ja birkin hannu, in ba haka ba mota za ta zabura kan mutum.

Wajen sayen sabuwar waya, ka sa a kankare maka bakinta. In ka ga fari a ciki, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, ajiye musu kayansu. Nemi jan ƙarfe zalla, mai kaurin wadda ka cire ko fiye.