Manitoba: Lardin Kanada da hanyoyinsa ke narkewa

A yawancin ƙasashen duniya, tsananin sanyi kan rufe hanyoyi. A arewacin lardin Manitoba na ƙasar Kanada kuwa, sai sanyin ya kai maƙura ake samun hanyar fita. Kowace shekara, daga wajen tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Maris, ana shata hanyoyi masu tsawon fiye da kilomita 2,000 a kan tafkuna da koguna da fadamun da suka daskare, domin kai kaya ga garuruwa sama da 20 waɗanda babu titin dindindin da ya isa gare su. Mutane kimanin 30,000 ne ke zaune a waɗannan garuruwa, akasarinsu 'yan asalin ƙasar, daga ƙabilun Cree da Dene da Oji-Cree da Ojibwe. Da zarar bazara ta leƙo, hanyar ta koma ruwa da taɓo, sai kuma baɗi.

Manitoba tana da faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita 650,000, wato kimanin kashi biyu bisa uku na Najeriya, amma jama'arta kimanin miliyan ɗaya da rabi ne kawai, kuma fiye da rabinsu na zaune ne a Winnipeg, babban birnin lardin da ke can kudu. A Winnipeg ɗin ma sanyi ba abin wasa ba ne. Yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, har akan ga igiyar lantarki tana reto a gaban motoci, wadda ake jonawa da dare domin ɗumama inji kada ya ƙi tashi da safe. Sai dai mazaunin birni yana da kwalta da manyan kantuna a ƙofar gidansa. Mutumin arewa kuwa, duk abin da zai yi na gini ko na ajiyar abinci ya rataya ne a kan makonni kaɗan na ƙanƙara.

Yin hanyar aiki ne mai ƙa'ida. Dusar ƙanƙara takan lulluɓe saman tafki kamar bargo, ta hana sanyi ratsawa ƙasa, don haka abin da ma'aikata ke fara yi shi ne share ta ko danne ta. Daga nan sai su huda ƙanƙarar su auna kaurinta, inda ta yi siriri kuma su zuƙo ruwa daga ƙasa su malala a sama, ya daskare, su sake malalawa. Ƙananan motoci ake fara bari su bi, sannan a riƙa ƙara nauyin da aka yarda da shi gwargwadon yadda ƙanƙarar ke ƙara kauri. Direban tirela da ya hau tafki dole ya tafi a hankali, ya kuma bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gabansa, saboda nauyin mota yana lanƙwasa ƙanƙara ya haifar da igiyar ruwa a ƙarƙashinta. Idan aka yi gudu, igiyar kan iya fasa hanyar daga ƙasa, musamman kusa da gaɓa.

Ta wannan hanya ake shigar da man fetur da dizal, da katako da kayan gini, da sinadaran tace ruwan sha, da gari da sauran abincin da ba ya lalacewa. Garuruwa huɗu, Shamattawa da Brochet da Lac Brochet da Tadoule Lake, ba su haɗe da babban layin lantarki na lardin ba, janaretocin dizal ne ke ba su wuta, kuma man shekara guda cur sai ya iso kafin ƙanƙara ta saki. Abin ban takaicin shi ne, mafi yawan wutar da Winnipeg ke sha tana fitowa ne daga madatsun ruwan kogin Nelson da ke arewacin lardin.

Idan hanya ba ta buɗe ba, babu mafita sai jirgin sama, kuma kuɗin dakon yana ƙarewa ne a kan farashin madara da burodi. A watan Maris na 2010 ɗumi ya zo da wuri, manyan motoci da dama suka maƙale cikin taɓo a daji, sai da aka yi aikin ceton direbobi. A Fabrairun 2024 kuma, al'ummomi huɗu na yankin Island Lake, wato Garden Hill da St. Theresa Point da Wasagamack da Red Sucker Lake, suka ayyana dokar ta-ɓaci domin hunturun bai yi sanyin da zai ɗauki manyan motoci ba. Shugabannin yankin sun daɗe suna neman titi na dindindin. An yi wani ɓangare, domin a 2017 titi ya isa garin Berens River da ke gabashin tafkin Winnipeg, amma sauran aikin na tafiyar hawainiya. A tsarin mulkin Kanada, hanyoyi na hannun lardi, al'amuran 'yan asalin ƙasa kuma na hannun tarayya, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil tsakanin ma'aikatu biyu ya san yadda irin wannan rabon aiki ke cin shekaru.

Can gaba, a gaɓar tekun Hudson, akwai garin Churchill, mai mutane ƙasa da 1,000, wanda ke da nisan kimanin kilomita 1,000 daga Winnipeg. Babu titin mota da ya haɗa shi da sauran Kanada. Ana zuwa ne ta jirgin sama, ko ta jirgin ƙasa da ke shafe kusan kwana biyu a hanya. Duk da haka masu yawon buɗe ido daga sassan duniya na tururuwa can. A tsakiyar shekara suna zuwa kallon beluga, fararen manyan dabbobin teku da ke shigowa bakin kogin Churchill dubbai-dubbai. A Oktoba da Nuwamba kuwa, farin beyar suke zuwa gani, wanda ke taruwa a gaɓa yana jiran teku ya daskare domin ya hau ƙanƙara ya yi farauta.

Zama da irin wannan maƙwabci ya koya wa mutanen garin wasu al'adu. Da yawa ba sa kulle motocinsu, domin wanda ya yi kiciɓis da beyar a titi ya samu wurin fakewa. Jami'an kula da namun daji suna da layin wayar da ake kira dare da rana, suna korar dabbar da harsasai masu ƙara, wadda ta yi taurin kai kuma a kai ta wani tsohon ginin sojoji da jama'a ke kira kurkukun beyar. Ba a ba ta abinci a ciki, don kada ta saba da samun ci a wurin mutane, daga baya a ɗauke ta da helikwafta ko a sake ta idan teku ya daskare. Jinkirin daskarewar tekun na nufin ƙarin kwanakin yunwa ga dabbobin, da ƙarin kwanakin fargaba ga gari. Ƙidayar da aka yi daga sama a 2021 ta ƙiyasta beyar 618 a yammacin tekun Hudson, alhali a 2016 an ƙiyasta 842.

Babbar jarrabawar Churchill dai ta zo ne ta layin dogo. A 1997 layin da tashar jiragen ruwan garin suka koma hannun kamfanin OmniTRAX na Amurka. Tashar ta dogara ne da fitar da alkama, kuma bayan da gwamnatin tarayya ta soke ikon da hukumar alkama ta Kanada ke da shi na sayar da hatsin yammacin ƙasar ita kaɗai a 2012, ciniki ya ja baya, har kamfanin ya rufe tashar a 2016. A watan Mayun 2017 ambaliya ta yanke layin a wurare da yawa. Kamfanin ya ce ba zai iya ɗaukar kuɗin gyara ba, gwamnatin tarayya ta ce alhakinsa ne bisa yarjejeniyar da ya sa wa hannu, aka tafi kotu. Ana wannan ja-in-ja, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, wasu iyalai suka tattara suka bar garin. Iskar gas ɗin ɗumama gidaje sai ta teku aka kawo ta kafin hunturu, jirgin fasinjan da ya maƙale a garin ma a jirgin ruwa aka fitar da shi.

Kusan shekara ɗaya da rabi aka yi babu jirgi. A Agustan 2018 wata haɗaka mai suna Arctic Gateway Group ta sayi layin da tashar, gwamnatin tarayya ta sanya dalar Kanada miliyan 117, aka gyara layin cikin 'yan makonni, jirgin farko ya shiga Churchill a ƙarshen Oktoba. Gyaran da aka shekara ana gardama a kansa bai ɗauki wata uku ba. A 2021 manyan kamfanonin da ke cikin haɗakar suka janye, mallakar ta koma gaba ɗaya ga al'ummomin arewa 41, yawancinsu na 'yan asalin ƙasa, waɗanda layin shi ne jijiyar rayuwarsu.

Sauya mai shi bai sauya ƙasar da layin ke kai ba. Ɓangaren ƙarshe, daga Gillam zuwa Churchill, yana shimfiɗe ne a kan fadama da ƙasar da a da take daskare duk shekara, kuma yayin da take narkewa layin yakan lotsa, dole jirgi ya rage gudu, dole a yi ta zuba tsakuwa ana ɗaga shi. Tarayya da lardi sun ci gaba da zuba kuɗi a aikin. A Agustan 2024 wani jirgin ruwa ya tashi daga tashar Churchill ɗauke da kimanin tan 10,000 na ma'adinin tutiya da aka haƙo a arewacin Manitoba, ya nufi Turai.