Ƙaramar Jami'a a Filin Gasa: Yadda Zafi Ke Kayar da Ɗan Wasa

Tun shekarar 1966 jami'o'in Nijeriya suke haɗuwa domin gasar wasanni da aka fi sani da NUGA, wadda aka fara a Jami'ar Ibadan. A lokacin jami'o'i biyar ne kacal a ƙasar, cikinsu har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yau kuwa sun haura ɗari biyu, kuma da yawansu ƙanana ne.

Babbar jami'a tana zaɓen 'yan wasanta daga cikin dubban ɗalibai. In ɗaya ya kasa, akwai wani a benci. Ƙaramar jami'a ba ta da wannan gata. Sau da yawa yaron da ya yi tseren mita 1,500 da safe shi ne zai buga ƙwallo da la'asar. Saboda haka jarinta duka shi ne jikin 'yan wasan nan kaɗan, kuma a ganina ba abin da ke saurin cinye wannan jari kamar zafi.

Bari mu duba abin da ke faruwa a cikin jiki. Tsoka ba inji ba ce mai tsimi. Daga cikin ƙarfin da take samu daga abinci, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai yake zama motsi, saura duk zafi ne. Jiki kuwa yana son zama a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyas. Babbar hanyarsa ta sanyaya kansa ita ce gumi, amma ba fitowar gumin ce ke sanyayawa ba, bushewarsa ce. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana bushewa, sai ya tafi da zafin na ciki.

To, a nan ne ɗan wasan Arewa yakan ruɗu. A Sakkwato ko Katsina iska busasshiya ce a yawancin shekara, gumi na fita yana bushewa. Amma a gari irin Legas, inda aka yi gasar 2022, iska cike take da danshi. Gumi sai ya yi ta zuba ba ya bushewa, ruwan jiki na ƙarewa, zafi kuma yana nan. Mai gudu yakan zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Da zarar ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ruwan jininsa ya ragu, zuciya ta ƙara bugu, ƙafa ta yi nauyi. Idan zafin jiki ya wuce digiri 40 har hankali ya fara gushewa, to magana ta bar batun lambar yabo, ta koma ta ceton rai. Sai a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, a garzaya asibiti.

Abin daɗi shi ne jiki yana koyo. Atisaye cikin zafi, ana ƙarawa sannu a hankali na kwana 10 zuwa 14, yakan ƙara yawan ruwan jini, ya sa gumi ya riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke cikinsa kuma ya ragu. Wannan ba ya bukatar katafaren filin wasa. Sikeli ɗaya ya isa: a auna ɗan wasa kafin atisaye da bayansa, kowane kilo da ya ɓace kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Malaman sakandare ma za su iya yin wannan da ɗalibansu, kuma darasin kimiyya ne kyauta.

Saura abu guda da ba a cika ambata ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da rukunin jini AS, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da ciwon ba. Irin waɗannan suna wasa lafiya lau, har su ci gasa, sai dai gudun wuce kima cikin zafi da ƙishirwa kan iya kayar da su farat ɗaya. Shi ya sa tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta shigar da gwajin cikin binciken lafiyar 'yan wasan babban rukuninta. A nan gida gwajin ba shi da tsada, kuma ba don a hana kowa wasa ake yinsa ba, sai don koci ya san wanda zai ba hutu da ruwa tun kafin ya nema.