Ciyayyar Abokai A Zungeru Da Minna: Wa Zai Biya Kuɗin Tuwo?

Duk wanda ya saba shiga gidajen sayar da abinci a Zungeru ko Minna ya san 'yar rigimar nan da kan tashi bayan an wanke hannu. Abokai huɗu ko biyar sun ci sun ƙoshi, an sha ruwa an yi hamdala, sai kowa ya zabura ya sa hannu aljihu. Wannan ya riƙe hannun wancan, wancan ya rantse cewa shi ya kawo su, na uku kuwa tuni ya zagaya da sunan neman tsinken sakace ya danƙa wa mai abincin kuɗinta. Rigima ce ta girma da arziki, wadda ba a kai ta gaban alƙali. Amma a 'yan shekarun nan ta fara yin sanyi. Yanzu akan ci a gama, sa'an nan shiru ya ɗan biyo baya, kowa yana lissafi a zuciyarsa. Shirun nan ƙaramin abu ne a ido, amma ya taɓa wata al'ada da ta daɗe tana haɗa kan mazauna garuruwan nan biyu.

DAGA ZAURE ZUWA TASHA

Kamar yadda aka sani, a ƙasar Hausa ta dā magidanci bai saba cin abinci a kasuwa ba. Idan an idar da sallar magariba, kowane gida kan fito da akushinsa zaure ko ƙofar gida, maƙwabta su haɗu su bi akusan ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. Wannan ita ake kira ciyayya. Babu mai biya, babu wanda ake bi bashi, kuma wanda gidansa bai ɗora tukunya ba a ranar yakan ci tare da jama'a ba tare da asirinsa ya tonu ba. Tuwon sayarwa kuwa na baƙo ne da matafiyi da gwauro. Idan aka ga mai iyali tsugune gaban 'yar tuwo-tuwo, sai a fara tambaya ko lafiya a gidansa.

Garuruwan da Turawa suka kafa ko suka raya su ne suka fara sauya wannan hali, Zungeru kuwa yana sahun gaba. A shekarar 1902 Gwamna Lugga ya mai da garin, wanda mutanen wurin ke kira Dungurum, hedkwatar mulkin Arewa, a bakin Kogin Kaduna. Nan da nan ya cika da sojoji da akawuna da masinjoji da kuku-kuku da leburori, waɗansu daga ƙasar Hausa da Nufe, waɗansu daga Ikko da ƙasar Ibo. A cikin irin waɗannan ma'aikata akwai mahaifin Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda yake akawu ne. A Zungeru aka haifi Azikiwe ranar 16 ga Nuwamba, 1904, kuma ya tashi da Hausa a bakinsa. A nan ne kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933.

Da yawa daga cikin baƙin nan sun zo ne ba tare da iyali ba, ba su da zaure, ba su da mai kai musu akushi. Saboda haka mai tuwo da mai waina da mai tsire suka tsaya musu a matsayin gida. Zuwan jirgin ƙasa ya ƙara wa abin ƙarfi. Layin da ya taso daga Baro ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911, na Ikko kuma ya biyo ta Jebba da Zungeru ya haɗu da shi a Minna. Ko'ina jirgi ya tsaya, abinci ya tsaya, kowace ƙabila kuma ta zo da tukunyarta.

Zungeru ya riƙe matsayinsa har 1916, sa'ad da aka juya akalar mulki zuwa Kaduna. Hatta ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga an ciro ta an kai Kaduna a 1954. Minna ce ta gaji hada-hadar, da farko a matsayin mahaɗar jiragen ƙasa, daga baya kuma a matsayin babban birnin Jihar Neja da aka ƙirƙiro a watan Fabrairu na 1976. Ma'aikatan gwamnati suka kwararo, aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, cin abinci a waje kuma ya daina zama abin kunya, ya koma hanyar sada zumunci.

KOWACE TUKUNYA DA MUTANENTA

A Zungeru na yanzu, masu sayar da abinci sun fi yawa a bakin babbar hanya da wajen tashar mota, abokan cinikinsu kuwa su ne direbobi da 'yan kasuwa da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Neja. Aikin madatsar ruwa ta Zungeru, mai ƙarfin megawat 700, wanda aka fara a 2013 aka kammala a 2023, ya sake kawo wa garin dubban ma'aikata baƙi, tamkar tarihi ya maimaita kansa. Abin alfaharin garin shi ne kifi. Baƙon da abokansa suka karɓa a Zungeru da wuya ya tafi bai ɗanɗana farfesun kifin Kogin Kaduna ko banda ba.

Mai son zaɓi da yawa kuwa sai ya kama hanyar Minna, tafiyar kimanin kilomita 60 ta Beji da Maikunkele. A can abokai na iya shafe mako guda suna cin abinci tare ba su maimaita tukunya ba. Akwai masu tuwon shinkafa da miyar taushe ko ta kuka, da masu waina da romo da safe. Akwai bukokin Yarbawa inda ake tuƙa amala da teba, da gidajen abincin Ibo inda ake kirɓa sakwara da miyar agushi. Doyar da ake kirɓawa galibi ta Gwarawa ce, daga kasuwanni irin su Paiko da Gwada, shinkafa kuwa ta fadamun ƙasar Nufe da Wushishi. A Bosso, inda ɗalibai suka yi yawa, shinkafa da wake da mai da yaji da teburin mai shayi su ne ke ci. A Tunga da tsakiyar gari akwai gidajen abinci na zamani masu na'urar sanyaya ɗaki, inda ake sayar da soyayyar shinkafa da kaza da shawarma, kuma a nan aka fi ganin mata da iyalai. Da dare ya yi kuma sai hayaƙin masu tsire da balangu da gasasshen kifi ya tashi.

Abin lura shi ne, rukunin abokai a Minna da wuya ya zama na ƙabila ɗaya. Ofis ɗaya kan haɗa Banufe da Bagwari da Bahaushe da Bakambare da Bayarabe, Musulmi da Kirista. Ba kowa ne zai iya kai abokinsa cikin gida ba, ko don ƙarancin ɗaki ko don al'adar kulle, amma kowa na iya kai shi gidan abinci. Kowanne kan ja ragamar tafiya zuwa tukunyar mutanensa, ya koya wa sauran yadda ake ci. Akan kuma zaɓi wurin da kowa zai ci hankali kwance, inda aka san yankan naman kuma ba a haɗa abinci da barasa ba. Ta haka Bahaushe ya saba da amala, Bayarabe ya saba da miyar kuka, barkwancin da ke tsakanin ƙabilu kuma ya sami wurin zama.

DOKAR DA BA A RUBUTA BA

Ciyayyar zamani ta gaji abu ɗaya muhimmi daga ta zaure, watau ba a raba lissafi. Wanda ya ce a zo a ci shi ne mai biya. Idan babu wanda ya gayyata, to, nauyin yana kan babba a shekaru ko a albashi, domin Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama. Idan mutum yana cikin ci wani sananne ya shigo, wajibi ne ya yi masa bisimilla, in ya riga shi tashi kuma sau da yawa yakan biya har da nasa, sai wancan ya zo biya a ce masa an riga an biya. A ce kowa ya biya nasa, kamar yadda aka saba a waɗansu ƙasashen Turai, abu ne da ake ɗauka rowa ce tsantsa.

Wannan doka tana da hikima. Ita ce ke ba ƙaramin ma'aikaci da wanda bai sami aiki ba damar zama kujera ɗaya da mai hali. Ba a tambayar wanda bai biya ba, domin an san yau gare ka gobe ga waninka. Amma tana da sharaɗi guda, shi ne kuɗin kwano biyar kada ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya.

Sharaɗin nan ne ya karye. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar mai da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Kuɗin dakon doya da shinkafa da shanu ya bi sahu. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100, alhali mafi ƙarancin albashi yana nan a Naira 30,000 tun 2019, sai a watan Yuli na 2024 aka mai da shi Naira 70,000. Minna ce ma ta fara jan hankalin ƙasa a kan lamarin, ranar 5 ga Fabrairu, 2024, sa'ad da mata da matasa suka tare hanyar Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan tsadar rayuwa. Ko da yake farashin hatsi ya ɗan sauko a 2025, kuɗin kwanon abinci bai koma inda yake a dā ba, domin mai abinci tana biyan nama da man girki da gawayi da haya.

Ga kuma matsalar tsaro. Tun bayan sace ɗaliban Kagara a watan Fabrairu na 2021 da na makarantar Islamiyya ta Tegina a watan Mayu na wannan shekara, mutanen yankin suna kaffa-kaffa da tafiyar dare. Mutumin Zungeru da ya je Minna wurin abokai yakan so ya kamo hanya tun rana ba ta faɗi ba, hira kuwa da dare ta fi daɗi.

BA A SAN MACI TUWO BA

Illar da ta fi tsanani ba ta ga mai kuɗi take ba. Wanda ke fara ɓacewa daga teburi shi ne mai ƙaramin ƙarfi kuma mai kunya. Ya san an biya masa sau uku, ya san juyinsa ya zo, ya kuma san abin da ke aljihunsa na cefanen gida ne. Ba zai faɗa ba. Sai ya fara kawo uzuri, yau yana da baƙi, gobe yana azumin nafila, har a daina kiransa. Ta haka ake rasa aboki ba tare da an yi faɗa ba, teburi kuma ya koma na masu hali kaɗai.

Sai dai Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma abokai da dama sun nemi dabara. Waɗansu sun mai da abin kamar adashi, ana fita sau ɗaya a wata bayan an yi albashi, kowane wata da mai ɗaukar nauyi, an kuma san juyin kowa tun da wuri don ya shirya. Waɗansu suna yin karo-karo a asirce, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa ta waya ga mutum ɗaya, shi kuma ya biya a gaban jama'a, ba wanda ya san nawa wani ya bayar. Waɗansu sun sauko daga gidajen zamani zuwa buka, ko su sayi tire guda na tsire ko babban kifi ɗaya a sa hannu tare. Akwai kuma majalisun da suka koma tsohuwar hanya ɗungum, musamman a watan azumi, kowa ya kawo kwano daga gidansa a haɗu a ƙofar gidan ɗayansu. Masu sayar da abinci su ma suna taimakawa, ta hanyar sayar da rabin kwano ko ɗaga wa tsohon abokin ciniki ƙafa zuwa ƙarshen wata.

Idan mai karatu ya duba da kyau, zai ga dabarun nan duka manufarsu ɗaya ce da ta ciyayyar zaure, watau a ci tare, kuma kada a gane wanda ba shi da shi. Baƙin da suka taru a Zungeru a 1902 ba su da dangi a garin, wurin mai tuwo suka fara sanin juna, jikokinsu kuma su ne maƙwabta a Minna a yau. Saboda haka ya kamata duk rukunin abokan da suka lura kujerar wani ta daɗe babu kowa su aika a kira shi, su kuma sanar da shi tun kafin ya fito daga gida cewa an riga an biya.