Uwargida, Kwamfuta Ba Ta San Alfarma Ba

Uwargida, ko kin lura ayyukan gwamnati da dama sun koma cikin kwamfuta? Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda, daga 2021 kuma ɗalibi ba ya samun rajista sai da lambar NIN ta ɗan ƙasa.

Sauƙi ya samu, amma fa kwamfuta ba ta san alfarma ba. Idan takardar haihuwa ta ce Aisha, NIN ta ce Aishatu, ko ranar haihuwa ta sha bamban, gyaran kan ci kuɗi da lokaci, wata sa'a har yarinya ta rasa jarrabawar shekarar.

Don haka 'yar'uwa, ɗauko takardun yaranki yau, ki duba su harafi bayan harafi. Rigakafi ya fi magani.