Maganin Ciwon Daji da Lafiyar Fata

Akwai magungunan ciwon daji da suke auna ƙwayoyin cutar kai tsaye, amma sukan taɓa fata. Imatinib, maganin dajin jini da aka amince da shi a Amurka a 2001, yakan kawo ƙuraje da kumburin fatar ido, wani ma fatarsa ta yi haske. Sorafenib na dajin hanta yakan sa tafin hannu da na ƙafa su yi zafi da kanta. Dalili kuwa, fata ma tana aiki da hanyoyin da maganin yake toshewa.

To, me za a yi? A yi wanka ba dirza da soso. A shafa man kaɗanya safe da yamma, musamman da hunturu. Mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sa malafa da takalmi mai laushi. Kada a matse ƙuraje, kada a shafa man bilicin.

Kada a bar magani ba da sanin likita ba, gama yana iya rage shi. In fata ta yi bororo, ko baki ya yi gyambo da zazzaɓi, a hanzarta zuwa asibiti. Allah ya ba da sauƙi.