Damuwar da Ke Biyo Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki a Danja

A ƙasar Danja, idan ɓarin jikin magidanci ya shanye, hankalin iyali yakan koma kan hannu da ƙafa. Za a kai shi asibiti a Funtuwa ko Shika, a nemi mai gashin ƙashi, a haɗa da rubutu da tofi. Da wuya a tambayi halin da zuciyarsa ke ciki, alhali kusan mutum ɗaya cikin uku da suka tsira daga wannan ciwo yakan kamu da ciwon damuwa.

Tushen matsalar hawan jini ne. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Idan jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, ɓarnar takan taɓa sassan da ke riƙe da tunani da ɗabi'a. Daga nan ake ganin mantuwa, saurin fushi, sarƙewar magana, da kuka ko dariya babu dalili.

Sanadin damuwar na biyu yana cikin rayuwar yankin. Mutuncin manomi a nan yana tare da fadamarsa ta tumatir da rake. Wanda jiya yake ciyar da gida, yau sai an tayar da shi an kwantar. Wani lokaci akan jinginar da gona saboda kuɗin magani yana ji yana gani. Wannan baƙin ciki kaɗai ya isa ya karya zuciya.

Da yake alamomin ba su da suna a bakin jama'a, sai a ce jifa ne ko iska. Majinyacin ya daina motsa jiki, ya ƙi shan magani, sauƙi ya yi nisa, shanyewar kuma tana iya dawowa. Matar da ke jinya ita ma takan gaji har ta kwanta.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a 2023 ba za ta amfani ƙauye ba sai ma'aikatan ƙananan asibitoci sun saba tambayar majinyaci barcinsa da walwalarsa yayin awon jini, su tura mai tsanani asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Iyali kuma su ci gaba da neman shawararsa kan shuka da ciniki, domin wanda ake damawa da shi ya fi ƙwazon neman lafiya.